Shuɗin Dutsen Jan Ƙarfe: Jagora ga Mai Koyon Gane Azurait

A cikin shekarun da na shafe ina bin tsaunuka da guduma, da waɗanda na yi daga baya ina zaune ana kawo mini duwatsu a ƙulle cikin tsumma domin in duba, ban ga kuskuren da ya fi maimaituwa a hannun masu koyo ba kamar yanke hukunci da launi kaɗai. Saurayi zai tsinci dutse mai shuɗi, ya raɗa masa suna tun bai sauko daga kan tudun ba, sa'an nan ya wanke shi da ruwan batir don ya ƙara sheƙi, ko ya daka shi a turmin gida don ya ga abin da ke ciki, ya iso gare ni da abin da ya riga ya lalace, wani lokaci ma da ƙuna a yatsu. Wannan ne ya sa na ga ya wajaba in rubuta hanyar da ake bi, daki-daki, a kan ma'adini guda wanda na fi ƙauna, wato azurait, tare da dalilin kowane mataki, domin wanda ya san dalilin aiki ba ya bukatar a tsaya a kansa.

Azurait haɗi ne na jan ƙarfe da kabonet, wato sinadarin nan da ke cikin dutsen farar ƙasa wanda ake ƙonawa a yi siminti, da kuma wani kaso na ruwa da ya shiga ginin jikinsa. Kimanin kashi 55 cikin 100 na nauyinsa jan ƙarfe ne. Yana da ɗan'uwa shaƙiƙi, kore shar, mai suna malakait, wanda kayan haɗinsu ɗaya ne, sai dai rabon ya bambanta, jan ƙarfensa kuwa ya kai kashi 57. Sunan azurait ya samo asali daga kalmar Farisa wadda Larabawa suka ara suka ce lazaward, Turawa kuma suka ara daga Larabawa. Wani masanin ma'adinai na Faransa, François Beudant, shi ya tabbatar masa da wannan suna a 1824, a zamanin da ake haƙo kyawawansa a Chessy, kusa da birnin Lyon. To, ka ga shubuha ta fara tun daga sunan, gama lazuwardin gaskiya, wanda ake haƙowa a tsaunukan Badakhshan na Afganistan tun zamanin dauri, dutse ne dabam, babu ko ƙwayar jan ƙarfe a shuɗinsa.

Masana suna kiran azurait ma'adini na biyu, kuma wanda bai fahimci wannan kalma ba zai yi ta nema a inda babu. Ma'anarta ita ce bai samu tare da dutsen tun farko ba, daga baya aka haife shi daga rushewar wani. A can ƙarƙashin ƙasa jan ƙarfe yakan zauna a haɗe da farar wuta da baƙin ƙarfe, cikin wani ma'adini rawaya mai walƙiya da ake kira kalkofairait, wanda ya sha yaudarar masu neman zinariya. Idan zaizayar ƙasa ta kusantar da shi sama, ruwan sama mai ɗauke da iska ya yi ta tsatsafowa gare shi shekaru dubbai, sai farar wutar ta juye ta zama asid, asid ɗin ya narkar da jan ƙarfen ya gangara da shi ta tsagogin dutse, har ya ci karo da farar ƙasa ko ruwan da ya ratsa ta. A nan ne tsamin ke mutuwa, jan ƙarfen ya kama kabonet ya zauna, ko kore ko shuɗi. Koren shi ne galibi. Shuɗin ba ya samuwa sai inda iskar kabon ta taru cikin ruwan fiye da yadda take a sarari, kuma idan wannan sharaɗi ya gushe, ruwa ya ci gaba da ratsa shi, sannu a hankali yakan saki wani kaso na iskar ya rikiɗe ya koma malakait. Wannan shi ne sirrin ƙarancinsa: ga wuyar samuwa, ga rashin dawwama.

Inda ya fi shahara a nahiyarmu shi ne Tsumeb ta ƙasar Namibiya, mahaƙar da aka rufe a 1996 bayan ta ba duniya ƙwayoyin azurait da har yau ake auna na sauran wurare da su, sai Touissit ta gabashin Maroko, daf da iyakar Aljeriya. A Amurka akwai Bisbee ta jihar Arizona, a Meksiko akwai Milpillas. Katanga ta Kongo kuwa gidan malakait ce. Mu ma ba baƙi ba ne ga sha'anin jan ƙarfe, domin Ibn Baɗɗuɗa, da ya sauka Takadda a 1353, ya ba da labarin yadda mutanenta ke tono shi a bayan gari, su narka a gidajensu, su zuba shi sanduna masu kauri da sirara waɗanda ake ciniki da su maimakon kuɗi, ana kai su har Gobir da Barno. Mafi yawan masu bincike suna ganin kufan Azelik, a yankin Agadas, shi ne wannan gari. Duk sa'ad da na tuna wannan sai in ji nauyin abin, cewa kakanni sun karanta launin dutse da ido da ƙwarewa, jikoki kuwa suna zuba masa ruwan batir.

Kayan aiki

Ba su da yawa, kuma mafi yawansu suna kasuwa. Kana bukatar guduma ta ƙarfe mai kyau da kurfi, da tabarau mai kare ido, da safar hannu ta roba, da takunkumin hanci. Ka nemi gilashin ƙara girma mai ninka abu sau 10, da ɓallin tangaran wanda gefensa ko gindinsa ba shi da santsi, da wuƙar aljihu, da ƙusa sabuwa wadda ka goge ta fes, da zare, da ƙaramin sikeli mai nuna giram irin na masu sayar da zinariya. Sai asid ɗin haidurokulorik wanda aka tsarma, kashi ɗaya cikin goma, a ƙaramar kwalba mai ɗigo. Wanda bai samu ba ya riƙe ruwan lemun tsami. Sai tsofaffin jaridu, da littafi, da alƙalami. Na sa littafi a ƙarshe, amma da za a ce in zaɓi abu ɗaya bayan guduma, shi zan ɗauka.

Mataki na 1: Neman izini da karanta ƙasa

Kada ka sa guduma a dutsen da ba ka nemi izini a kansa ba. Ka gai da mai unguwa ko dagaci, ka gai da mai gona, ka kuma sani cewa a Nijeriya dokar ma'adinai ta 2007 ta sa neman ma'adini da haƙarsa a ƙarƙashin lasisin gwamnatin tarayya. Bayan haka sai ka ɗaga kai ka dubi ƙasar kanta kafin ka sunkuya ga tsakuwa. Abin da kake nema shi ne dutse ja ko ruwan ƙasa, mai ramuka kamar saƙar zuma, wanda tsatsa ta ci. Masu wannan sana'a suna kiransa hular ƙarfe, domin shi ne abin da ya saura a sama bayan ruwa ya kwashe jan ƙarfe da farar wuta ya bar tsatsar baƙin ƙarfe. A ƙarƙashin wannan hula, kuma sama da inda ruwan rijiya ke tsayawa, nan ne gidan shuɗi da kore, musamman idan akwai farar ƙasa a kusa. Wanda ya tono ƙasa da matsayin ruwa yana neman azurait ya wuce shi, gama iska ba ta kaiwa can.

Faɗakarwa mai nauyi: kada ka shiga tsohon loto. Ginshiƙansa sun ruɓe, iskarsa tana iya kashe mutum ba tare da wari ba, kuma dutsen da ruwa ya ci, wanda shi ne kake so, shi ne mafi saurin ruftawa. Tarin ɓaraguzan da masu haƙa suka zubar a bakin rami ya ishe ka, sau da yawa ma a nan ne mafi kyawun samfur yake.

Mataki na 2: Cire samfur

Azurait gaggautsa ne, yana tsagewa da bugu kaɗan. Saboda haka ba a bugun shuɗin, ana sa kurfi ne a nesa da shi kamar faɗin tafin hannu, a ɓamɓaro shi tare da dutsen da ya haife shi. Masu koyo suna ƙin uwar dutsen don nauyi, alhali kuwa ita ce rabin hujja, ita za ta gaya wa masani irin ƙasar da abin ya fito. Ka naɗe kowane samfur shi kaɗai cikin jarida, ka rubuta lamba a kai, ka rubuta lambar a littafi tare da wuri da rana da abin da ke kewaye, nan take, ba sai ka koma gida ba.

Mataki na 3: Shaidar ido

A nan nake so ka ɗauki ɗabi'ar alƙali, wanda ba ya zartar da hukunci da shaida guda, komai kyawun fuskar mai bayar da ita. Launi shaida ne na farko, ana saurarensa, amma ba a rufe shari'a da shi. Shuɗin azurait mai zurfi ne, irin na rigar da ta sha shuni ta sha bugu, har manyan ƙwayoyinsa sukan yi kamar baƙi sai an ɗaga su ga rana a ga shuɗin ta bakin gefe; inda ya zo kamar gari ko ɓawo a jikin dutse kuwa yakan yi haske kamar bula. Da gilashinka ka duba siffarsa: ƙwayoyi masu faɗi kamar allo ko masu tsini kamar bakin kurfi, masu sheƙin gilashi, ko dunƙule-dunƙule masu kama da fure. Sa'an nan ka nemi kore a gefensa, domin da wuya a ga azurait ba malakait a kusa. Wani lokaci za ka ga abin mamaki, ƙwaya mai siffar azurait sak amma koriya, ko rabi shuɗi rabi kore. Wannan rikiɗar nan ce da na ambata aka kama ta a tsakiyar hanya, malakait ya gaji gidan ɗan'uwansa bai canza ginin ba. Kada ka kankare koren. Masu tara duwatsu suna daraja irin wannan ƙwarai, ni kuma a wurina ba abin da ya fi shi koyar da ɗalibi.

Mataki na 4: Zane da tauri

Ka zaɓi gefen da ba shi da kyau, ka goga a kan tangaran. Azurait yana barin zane shuɗi mai haske, malakait kore mai haske. Hikimar wannan gwaji ita ce launin garin ma'adini ya fi launin fuskarsa gaskiya, kuma dutsen da aka rina don yaudara yakan bar farin zane. Game da tauri, ana amfani da ma'aunin da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10. Farce yana wajen 2.5, wuƙa wajen 5.5, azurait kuwa tsakanin 3.5 da 4. Ke nan farce ba ya kama shi, wuƙa tana karce shi cikin sauƙi. Idan wuƙa ta sha wuya, ka yi zaton lazuwardi ko wani dutse mai shuɗi da ake kira fairuza, waɗanda taurinsu ya kai 5 ko ya haura. Bayan ka karce, ka shafe wurin da yatsa ka sake dubawa, domin masu koyo sukan ɗauki layin ƙarfen da wuƙa ta bari a matsayin karta.

Mataki na 5: Awon nauyi

Wannan gwaji yana bukatar gutsure tsantsa, ba tare da uwar dutse ba. Ka auna shi a sikeli ka rubuta. Sa'an nan ka ɗora kofin ruwa a kan sikelin, ka mai da shi sifiri, ka ɗaure gutsuren da zare ka nutsar da shi a rataye, kada ya taɓa gindi ko gefe, ka rubuta abin da sikeli ya nuna. Raba lamba ta farko da ta biyu. Misali, idan ya yi giram 19 a sarari, sikeli ya nuna giram 5 a ruwa, sakamakon 3.8 ne, wanda shi ne na azurait. Kirisokola, wani ma'adinin jan ƙarfe mai shuɗi-kore da ake yawan kawo mini da sunan azurait, ba ya wuce 2.4, lazuwardi bai kai 3 ba, linarait kuwa, wanda shuɗinsa ya fi na kowa kama da na azurait, ya haura 5 saboda dalmar da ke cikinsa.

Kafin ka tsoma gutsuren, ka ɗiga ruwa a kan ɗan ɓarɓashinsa ka jira. Idan ya narke ruwan ya yi shuɗi, ka tsaya nan: wannan kalkantait ne, gishirin jan ƙarfe da farar wuta, guba ne, kuma akwai masu renonsa a cikin kwalba su sayar wa marasa sani da sunan dutsen ƙasa. Azurait ba ya narkewa a ruwa. Kuma kada ka taɓa ɗanɗana dutse mai shuɗi ko kore da harshe, ko da ka ga wani babba yana yi.

Mataki na 6: Asid da ƙusa

Waɗannan su ne shaidu biyu adilai da ake rufe shari'a da su, ɗaya yana shaidar kabonet, ɗaya yana shaidar jan ƙarfe. Ka fita sarari inda iska ke kaɗawa, ka sa tabarau da safa, ka ajiye bokitin ruwa kusa. Idan kai ne za ka tsarma asid ɗin, asid ake zubawa cikin ruwa sannu-sannu, ba a zuba ruwa cikin asid, domin zafin da ke tashi yana iya fantsamo shi a fuska. Ruwan batir kuwa ka bar shi inda yake: asid ne mai cin nama da tufafi, na batir da aka yi aiki da shi kuma yana ɗauke da dalma.

Ka kankaro ɗan gari, kamar ƙwayar gero biyu, a kan tangaran, ka ɗiga masa asid. Ba a ɗiga asid a kan samfur ɗin kansa, gama tabon ba ya gyaruwa. Azurait zai yi kumfa, iskar kabon ce ke fita, garin ya narke, ɗigon ya yi kore-kore. Da lemun tsami kumfar tana da rauni da jinkiri, sai ka sa gilashi ka yi haƙuri. Amma ga inda mutane da yawa ke faɗuwa: uwar dutsen, idan farar ƙasa ce, ita ma tana kumfa, har ta fi azurait ƙarfi, saboda haka wajibi ne ka tabbata garin da ka kankaro shuɗi ne zalla, in ba haka ba ka karɓi shaidar zur ba ka sani ba. Kirisokola ba ya kumfa. Linarait ba ya kumfa, fari yake yi inda asid ya taɓa. Lazuwardi yakan fitar da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai.

Bayan garin ya narke, ka tsoma bakin ƙusar nan da ka goge cikin ɗigon, ka bar ta kamar minti biyu ko uku. Idan ka ciro za ka ga bakin ya yi ja, jan ƙarfe na ainihi ya lulluɓe shi, domin baƙin ƙarfe ya fi shi saurin narkewa a asid, sai ya shiga ruwan ya kore shi waje. Na yi wannan gwaji sau ba adadi, amma har yau ina jin wani abu a zuciyata duk lokacin da na ga jan ƙarfe ya fito daga shuɗin dutse a kan ƙusa, in ce tsarki ya tabbata ga Wanda ya ɓoye ja a cikin shuɗi. Idan zane ya yi shuɗi, tauri da nauyi suka dace, kumfa ta tashi, ƙusa ta yi ja, to zato ya zama yaƙini gwargwadon abin da ake iya kaiwa a daji.

Mataki na 7: Tsaftacewa da ajiya

Ruwa mai sanyi kaɗan da burushi mai laushi sun isa, a shanya a inuwa. Ba a jiƙa shi ya kwana, ba a shafa masa mai, ba a kusantar da shi ga wuta, gama zafi mai tsanani yana korar ruwan da iskar da ke jikinsa ya bar baƙin gari. Wanda ya zo kamar gari a jikin dutse kada a wanke shi sam, a hure ƙurar kawai.

Daka shi a gida kuwa haramun ne a wannan sana'a, kuma ina faɗin haka da babbar murya. Gaskiya ne masu zane na Misira da Sin da Turai sun daɗe suna niƙa azurait su yi launi da shi, suna barinsa da ɗan tsakuwa-tsakuwa domin idan ya yi laushi ƙwarai shuɗin yakan koɗe; amma ma'adinan jan ƙarfe sukan zauna tare da na dalma, a Tsumeb har da arsanik, kuma ido ba ya rarrabe ƙurarsu. Ba mu manta da abin da ya auku a Zamfara a 2010 ba, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda aka riƙa niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje, ƙurar ta shiga ƙasar tsakar gida da abinci, yara fiye da 400 suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Duwatsunka su zauna a akwati mai murfi, nesa da madafa da hannun yara, tufafin aikinka kada a wanke su tare da na iyali, kai kuma ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci ko ka yi alwala. Kowane samfur ya kwana da takardarsa, domin azurait da ba a san inda ya fito ba ya rasa mafi yawan darajarsa ga masu ilimi da masu saye baki ɗaya.

Mataki na 8: Sanin iyakar hannunka

Akwai wasu dangin azurait da suka fi shi ƙaranci, waɗanda duk za su yi maka kumfa su kuma ja ƙusa. Aurikalsait, mai ɗauke da zink, yana zuwa kamar siraran allurai masu shuɗin sararin samaniya, mai laushi har farce yana murƙushe shi, kuma ko ruwa bai kamata ya taɓa shi ba. Rosasait, wanda aka fara bayyanawa daga mahaƙar Rosas ta tsibirin Sardiniya a 1908, yana yin ƙananan ƙwallaye shuɗi-kore. Kolwezait, mai ɗauke da kobalt, ya ci sunan garin Kolwezi na Katanga. Irin waɗannan ba a tabbatar da su sai a ɗakin gwaji, inda ake haska garinsu da na'ura a karanta tsarin ƙwayoyinsu. Hukumar Binciken Ma'adinan Ƙasa ta Nijeriya tana da irin wannan ɗaki a Kaduna, sassan ilimin duwatsu na jami'o'i ma suna karɓar samfur. Ka rubuta a takardarka cewa kabonet ne na jan ƙarfe, ka bar gurbin suna a buɗe har amsa ta zo.

Haka kuma kada shuɗin ya sa ka sayar da gona ka ɗauki leburori. Jan ƙarfe ɗan kaɗan yana iya rina dutse mai faɗin ɗaki, ɓawon kuma bai fi kaurin farce ba. Abin da azurait ke gaya maka shi ne jan ƙarfe ya bi ta nan, kuma mai yiwuwa ne asalinsa yana ƙasa, inda a ƙarƙashin matsayin ruwa wani lokaci ake samun shimfiɗar da ta fi arziki. Amma yawansa da zurfinsa ba mai faɗinsu sai an huda ƙasa a wurare da dama, an ciro dutse, an auna. Ka fasa samfur guda biyu ko uku ka ga ko shuɗin ya ratsa ciki ko a fuska ya tsaya, ka auna tsawo da faɗin inda tabon ya bayyana da taku, ka zana taswirarsa a littafinka, ka kai wa masanin da zai zo ya duba wurin da kansa.